Wai hannun wankin ƙoda ne ke gajiyar da zuciyar Baba?

Auta_Gumel:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar nan, ko waɗanda abin ya taɓa samun nasu. Mahaifinmu shekararsa 61, kuma shekara uku ke nan yana wankin ƙoda. Tun a shekarar farko aka yi masa aikin haɗa jijiya a hannun hagu, wanda suke kira fistula. A wuyan hannu aka fara yi bai kama ba, sai aka sake yi a lanƙwasar gwiwar hannu. Wannan kam ya kama, har ya zarce. Yanzu jijiyar ta kumbura ta yi murɗe-murɗe tun daga gwiwar hannu har kusa da kafaɗa, kaurinta ya kai yatsu biyu, in ka ɗora hannu sai ka ji tana zuuu kamar waya a aljihu.

Wata huɗu da suka wuce ya fara haki. Masallacin ƙofar gida ma sai ya tsaya sau biyu kafin ya kai. Yanzu ba ya iya kwanciya sai an jera masa filo uku, wani daren a zaune yake kwana. Ƙafafu sun kumbura. Da farko aka ce ruwa ne ya taru, aka ƙara yawan ruwan da ake cire masa, sai jininsa ya riƙa faɗuwa a kan injin, hakin kuma yana nan. Makon jiya likitan zuciya ya yi masa eko, wato hoton zuciya, ya ce zuciyar ta buɗe, amma tana bugawa da ƙarfi, jinin da take turawa ma ya fi na mai lafiya yawa. Ya ce hannun yake zargi, kuma wataƙila sai an rage shi ko an ɗaure shi gaba ɗaya. A ɗakin wanki kuwa wata ma'aikaciya ta ja ni gefe ta ce kada mu yarda a taɓa hannun nan, shi ne ransa.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne, ta yaya za a ce zuciya ta gaza alhali tana tura jini fiye da kima? Kuma ina ruwan hannu da ciwon zuciya?

Maman_Ilham:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Amma ku yi haƙuri da jahilcina, fistula ba yoyon fitsari ba ne? Namiji kuma?

Nas_Rabi:
Maman Ilham ba ke kaɗai ba, har a ɗakin wanki mun sha ganin dattijo ya ɓata rai da jin sunan. Kalmar tana nufin duk wata kafa da ta ɓulle tsakanin hanyoyi biyu da bai kamata su haɗu ba. A yoyon fitsari tsakanin mafitsara ne da gaban mace. A nan kuwa tsakanin jijiyoyin jini biyu ne, kuma likita ne ke yinta da gangan.

Dalili kuwa, injin wanki yana buƙatar jini kusan mililita 300 a kowane minti, har awa huɗu. Jijiyar da ake ɗiban jini a hannu ba ta da wannan ƙarfin, lotsewa take. Mai bugawar kuma tana can ciki, ba a soka ta kullum. Sai a ɗinke su wuri guda, jinin mai bugawar ya riƙa kwarara cikin ta saman, bayan mako shida zuwa takwas ta yi kauri ta yi ƙwari, a samu wurin sa allura.

Auta, shekarata tara a wannan ɗakin, kuma na fahimci abin da ya sa 'yar uwata ta faɗa maka haka. Wanda bai ga abin da robar wuya, wadda ake zurawa a jijiyar wuya don wanki in babu fistula, ke yi wa mutane ba ba zai gane darajar hannun nan ba. Zazzaɓi mai kaɗa gado a tsakiyar wanki, ƙwayar cuta ta shiga jini, roba ta toshe ranar da ba ku da kuɗin sabuwa. Ni dai ba zan ce a ɗaure ba sai an tabbatar.

Bawan_Allah_77:
Ni fa ban yarda da likitocin nan ba. Su suka yi aikin suka karɓi kuɗi, yanzu su ne za su warware su sake karɓar kuɗi. Allah ya kyauta.

Likitan_Dare:
Auta, sannu da ɗawainiya. Ban ga Baba ba, don haka abin da zan faɗa bayani ne, hukunci yana wurin waɗanda ke duba shi. Amma abin da likitan zuciyar ya faɗa ba baƙon abu ba ne.

Babban mutum yana zaune, zuciyarsa na tura wajen lita 5 na jini a minti. Jinin ya fita ta jijiyoyi masu bugawa, ya rarrabu cikin wasu 'yan sirara da suka fi gashi ƙanƙanta, a nan yake sauke iska da abinci, sannan ya tattaru ya dawo. Waɗannan ƙananan hanyoyin su ke riƙe da matsin jini. Fistula kuwa ratse ce. Jini ya fito daga zuciya, ya iso gwiwar hannu, ya tarar da ƙofa a buɗe, sai ya juya ya koma zuciya bai yi wa kowa aiki ba.

Ku Jigawa kun san injin ban ruwa. A ce tiyo ya fashe a bakin rijiya, rabin ruwan yana komawa ciki. Injin na ta ƙugi, yana shan mai, in ka auna ruwan da yake ɗagowa ka ce ya fi na maƙwabci, amma fangalin ƙarshen gona a bushe yake. Ka ƙara masa wuta, ka ƙara, wata rana injin ya kwanta. To haka ne. Jiki yana jin jinin da ke isa gare shi bai wadatar ba, sai ya sa zuciya ta ƙara gudu, ya kuma riƙe gishiri da ruwa. Zuciyar ta buɗe don ta ɗauki lodin, matsi ya ƙaru a huhu, haki ya zo. Wato ba rauni ne ya fara kama ta ba, aiki ne ya yi mata yawa.

Ta wuyan hannu yawanci ba ta wuce lita ɗaya a minti. Ta gwiwar hannu, da yake jijiyar wurin ta fi girma, ita ce ke yawan zarcewa. In ta haura lita 2, ko kuma ta cinye kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na duk abin da zuciya ke turawa, to an fara damuwa. Tambayata: an auna gudun jinin hannun da na'urar dofla? Domin eko kaɗai bai isa a yanke hukunci ba.

Bawan Allah, mafi yawan masu fistula ba sa samun wannan matsalar, kuma ba a iya sanin wadda za ta ci gaba da girma tun ranar aiki. Ba damfara ba ce.

Nas_Rabi:
Likita na yarda da bayaninka, amma bari in ja ka kaɗan. A ƙasashen da ake rubuta waɗannan alƙaluman, mutum yana wanki sau uku a mako ba fashi, jininsa a cike. Mu a nan mutum ne zai zo sau ɗaya, wani sai ya kwana goma, ya zo da ƙarin kilo biyar na ruwa, jininsa kuma ƙasa-ƙasa. Cikin masu haki goma da nake gani, kusan dukkansu ruwa ne ko ƙarancin jini ko hawan jini. Kada a ɗora wa hannu laifin aljihu.

Likitan_Dare:
Wannan gaskiya ne Nas, kuma da shi ya kamata a fara. Ƙarancin jini shi kansa yana sa zuciya irin wannan gudun, domin jini mai ruwa-ruwa ba ya ɗaukar iska isasshiya. Haka ciwon maƙoƙo mai sa rama da zufa, haka rashin sinadarin bitamin B1, haka ciwon hanta da ƙiba mai yawa. In mutum na da biyu a haɗe, ƙarancin jini da babbar fistula, kowanne yana ƙara wa ɗan uwansa nauyi. Abin da ya ja hankalina a labarin Baba shi ne an cire ruwa har jini na faɗuwa amma haki bai tafi ba.

Auta_Gumel:
Na gode ƙwarai. Sau biyu a mako yake yi, Litinin da Alhamis, kuma ba ma bari ya tsallake ko da bashi ne. Ana yi masa allurar ƙarin jini, awon ƙarshe himoglobin, wato ma'aunin yawan jini, 9.8 ne. Dofla kuwa ba a yi ba, an rubuta mana amma mai yin ba ya nan sai mako mai zuwa. Wani abu da na manta ban faɗa ba, hannayensa kullum da ɗumi, kuma in yana zaune kana ganin jijiyar wuyansa tana harbawa.

Ɗan_Gashuwa:
Auta mu a garinmu ciwon ƙoda ba labari ba ne, da wuya ka samu unguwar da bai shiga ba. Yayana ya yi wanki shekara biyu da rabi, sannan Allah ya sa aka yi masa dashe, ƙanwarmu ce ta ba shi. Bayan dashen lafiya lau, amma hannun ya ci gaba da girma, har ya daina sa riga mai gajeren hannu don yara na tsoro. Da dare matarsa ta ce tana jin ƙarar hannun a kan filo. Bayan shekara ya fara jin bugun zuciya da gajiya. Aka ce a ɗaure tunda ba a amfani da shi, ya ƙi, wai in ƙodar ta ƙi fa? Sai da aka yi wata bakwai ana fama. Ranar da aka ɗaure, aikin bai kai awa ɗaya ba, ko barci ba a sa shi ba, hannun kawai aka kashe. Da ya fito ya ce shirun da ya ji a jikinsa har ya ba shi tsoro. Cikin 'yan makonni ya koma hawa bene ba tsayawa.

Amma shi yana da ƙoda. Naku daban ne, Baba yana buƙatar hanyar wanki jibi-jibi. Ba a fafe gora ranar tafiya, kafin a taɓa wannan ku tambaya ina za a koma.

Hajiya_Ta_Sabon_Gari:
Allah sarki. A gwada masa garin habbatus sauda da zuma da tafarnuwa safe da yamma, yana wanke jijiya. Sannan a riƙa ɗaure hannun da bandeji ya daina kumbura.

Nas_Rabi:
Hajiya don girman Allah kar a ɗaure. Ko agogo ba a so a wannan hannun, ba a awon jini a kansa, ba a kwanciya a kansa. In aka matse shi jini zai daskare a ciki, a rasa shi dare ɗaya ba shiri. Kuma mai wankin ƙoda ba ya shan haɗe-haɗe ba tare da an tambaya ba, abin da ke fita a fitsarin mai lafiya shi a jikinsa yake zama.

Hajiya_Ta_Sabon_Gari:
To Allah ya ba da haƙuri, ni taimako na yi niyya.

Ɗalibar_Likitanci:
Kwanan nan muka karanta wannan, bari in ɗan ƙara. Fistular wanki a 1966 aka fara bayyana ta, wasu likitoci ne a unguwar Buronks ta birnin Niyok, Brescia da Cimino, da likitan tiyata Appel. Kafin nan roba ce ake barin ta a waje tsakanin jijiyoyin biyu, wadda Scribner ya ƙirƙiro a 1960, tana yawan toshewa da ruɓa. Amma sanin cewa haɗuwar jijiya na wahalar da zuciya ya girmi wankin ƙoda nesa ba kusa ba. William Hunter ya bayyana irin wannan haɗuwar a Landan tun 1757, a hannun waɗanda aka tsaga wa jijiya don zubar da jini, aska ta zarce ta huda ta ƙasan. Sannan akwai alamar da ake kira da sunan Nicoladoni da Branham, ɗaya 1875 ɗaya 1890: in aka danne wurin haɗuwar, nan take bugun zuciya ke raguwa, domin an rufe ratsen ta samu sauƙi.

Sarkin_Aska_Jr:
To ga shi an zo kanmu. Mu dai ƙahonmu fata kawai muke tsagawa, ba ma kai wa jijiya. Turawan da ne suke huda gwiwar hannu.

Auta_Gumel:
Wato in na danne hannun Baba na ƙirga bugun zan gane?

Likitan_Dare:
A'a Auta, kar ka gwada a gida. A asibiti ake yi, na ɗan lokaci kaɗan, ana kallon na'ura. Kuma ba kullum alamar ke fitowa ba ko da fistular ce ke da laifi, don haka rashinta ba ya wanke hannun. Ɗaliba, kin yi karatu, saura ki riƙa haɗawa da gargaɗi.

Ɗalibar_Likitanci:
Na karɓi gyara, ranka ya daɗe.

Na_Tsafe:
Ni ba wankin ƙoda ba ne namu, amma da na karanta bayanin injin ban ruwa sai da tsigar jikina ta tashi. Kawuna 'yan bindiga suka harba a cinya a hanyar kasuwa. Harsashin ya shiga ya fita, aka ɗinke, ya warke, muka yi ta godiya. Bayan shekara biyar ƙafar ta fara kumbura, jijiyoyi suka fito raɗa-raɗa, ta fi ɗayar zafi. Sai haki. An ba shi maganin asma, an ba shi na hawan jini, an ba shi Lasix ya yi ta fitsari, wani wurin ma aka ce sammu ne aka binne masa a gona. Mun zaga asibiti huɗu, duk ƙirji suke saurara. Wani yaron likita ne, da alama ma bai daɗe da gamawa ba, ya ce a ɗaga wando. Ya ga tabon, ya tambayi labarinsa, ya ɗora abin sauraron a kan tabon, sai ya miƙo min ya ce saurara. Wallahi kamar injin niƙa a cikin cinyar mutum. Aka tura mu babban asibiti, aka buɗe aka raba jijiyoyin aka ɗinke kowacce. Yau shekara biyu, yana noma abinsa. Ina ba duk wanda aka taɓa harbi ko sara ko soka wa wuƙa shawara, in haki ya zo daga baya, ya nuna wa likita tabon ko ba a tambaye shi ba.

Bawan_Allah_77:
Ka ji ko? Asibiti huɗu. Shi ne abin da nake faɗa.

Na_Tsafe:
Malam ai wanda ya gano ɗin ma likita ne.

Ummu_Sadiya:
Tawa kuma da shi aka haife ta. Tun tana wata uku in tana shan nono sai ta yi ta zufa a goshi, ta saki ta yi haki, ta sake kamawa. Ba ta ƙiba, limoniya sau uku kafin ta shekara. Kakarta ta ce nonona ne ba kyau. Da aka yi eko aka ce wata hanya ce tsakanin manyan jijiyoyi biyu a saman zuciya, wadda kowane jariri ke da ita a ciki kuma take rufewa da kanta cikin kwana biyu ko uku da haihuwa, ita tata ta ƙi rufewa. Jini yana ta komawa huhu. Tana shekara biyu aka toshe, ba a tsaga ƙirji ba, ta cinya aka zura siririyar roba aka kai wani ɗan marfi wurin. Kwana biyu muka yi aka sallame mu. Yanzu tana aji uku, ta fi kowa tsalle-tsalle. Likita, wannan da na Baban Auta abu ɗaya ne?

Likitan_Dare:
Dangi ne Ummu Sadiya. Duka ratse ne da ke sa zuciya maimaita aiki, sai dai wurin ya bambanta. Irin na 'yarki shi ne ma cikin na farko da aka fara yi wa tiyata, Robert Gross ya ɗaure shi a jikin wata yarinya a Boston a 1938. A bakwaini kuwa wani lokacin magani kawai ake bayarwa ya rufe. Akwai wanda ake haifar jariri da shi a cikin ƙwaƙwalwa, ya zo da ciwon zuciya a kwanakin farko, akwai kuma na gado da ke fitowa a hanta, masu shi sukan yi ta haɓo tun suna yara. Na ƙwaƙwalwar ta cikin jijiya ake bi a toshe da 'yan wayoyi ko wani irin gam, in ya yiwu. Maganar dai ɗaya ce, magani na rage ruwa ne kawai, in ba a gyara ratsen ba ana nan.

Maman_Ilham:
To shi ciwon zuciyar masu jego fa? Ƙanwata ta yi shi bayan haihuwarta ta biyu, ita ma kumburi da haki da kwana a zaune.

Likitan_Dare:
Alamun sun yi kama, amma wancan akasin wannan ne. A na masu jego naman zuciyar ne ya yi laushi, ba ta iya turawa. Yana da yawa a ƙasar Hausa, tun shekarun 1970 Davidson da Parry suka yi rubutu a kansa a Zariya, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Daga baya binciken Farfesa Kamilu Karaye a Kano ya nuna ƙarancin sinadarin seleniyam yana da hannu. Shi ya sa ba a aron maganin zuciya. Wasu magungunan da ke taimakon ƙanwarki buɗe jijiyoyi suke yi, a ba wa mai irin matsalar Baba kuwa suna iya ƙara faɗar masa da jini.

Hajiya_Ta_Sabon_Gari:
Mu dai goma muka haifa, duk da kunun kanwa da wankan ganye, ba abin da ya same mu. Komai sai a ce al'ada.

Maman_Ilham:
Hajiya ke Allah ya tsare, ba kowa ne ke da jikinki ba.

Admin_Lafiya:
Jama'a a bar maganar jego, a buɗe mata nata zaren. Auta ne ke da tambaya a nan.

Ɗan_Maraɗi:
Sannunku. Ni tambaya gare ni ga Nas Rabi. Mahaifiyata za a yi wa fistula wata mai zuwa, yanzu da na karanta wannan duk tsoro ya kama ni. In ce a fasa?

Nas_Rabi:
Kar ka fasa ɗan uwa. Har gobe ita ce hanya mafi aminci ga mai wanki. Abin da za ka roƙa shi ne a duba zuciyarta kafin aikin, kuma in jijiyoyinta sun ba da dama a fara daga wuyan hannu. Daga yau kuma kar a ƙara sa mata ruwa ko ɗibar jini a hannun da aka zaɓa, domin yawan huda ne ke lalata jijiyar wuyan hannu har a rasa yadda za a yi sai an hau sama.

Auta_Gumel:
Salam, na dawo da labari. An yi dofla jiya. Hannun yana ɗaukar lita 2.6 a minti, zuciyar kuma a lissafin eko tana tura wajen lita 9. Likitan ƙoda da na zuciya sun yi magana a waya a gabana, yau ma'aikaciyar da ta ce kar a taɓa ita da kanta ta ce ba ta zaci ya kai haka ba. Sun tura mu wurin likitan tiyatar jijiya. Ya ce hanya uku ce, amma ya yi sauri da bayanin ban kama duka ba. Na dai ji ya ce zobe.

Likitan_Dare:
To ka ga kusan kashi 29 cikin ɗari na wahalar zuciyar Baba a hannun take ƙarewa. Zoben da ya ce, ƙuntata bakin ake yi. A buɗe kusa da inda aka haɗa, a zagaya jijiyar da zare ko ɗan ƙyallen roba, a matse ta ta koma kamar milimita 4, jini ya ragu amma kada ya tsaya. Amfaninsa, hannun na nan, sau da yawa ana ci gaba da wanki da shi. Wahalarsa, in an matse da yawa ya toshe, in an yi sako-sako bayan watanni ya koma gidan jiya. Shi ya sa ka tambaye shi ko zai riƙa auna gudun jinin a lokacin aikin, ba da ido kawai ba.

Ta biyu, a rufe mahaɗar gwiwar hannun a jawo jinin daga ƙaramar jijiya ta ƙasa, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, da ɗan guntun jijiya ko roba. Ya fi wuya, ya fi tsada, ba kowa ke yi ba. Ta uku ita ce ɗaurewa gaba ɗaya. Ita ta fi saurin sauƙaƙa wa zuciya, amma ranar za a koma robar wuya, da duk abin da Nas Rabi ta lissafa. Ni da a ce mahaifina ne, da zoben zan fara tambaya, in bai yi ba a san na gaba. Amma jinkiri ma yana da farashi, zuciyar da ta daɗe a buɗe ba lallai ta koma daidai ba.

Nas_Rabi:
Da wannan lambar na sauko. Amma ina nan kan bakana a abu ɗaya, ko an sa zobe, wanki sau biyu bai isa mai irin zuciyar nan ba. Ku yi ƙoƙarin na uku ko na wata biyu ne.

Auta_Gumel:
Anti Rabi na ukun nan shi ne aikin. Mu huɗu ne ke haɗawa, biyu albashi, biyu kasuwa.

Ɗan_Gashuwa:
Ka bincika tallafin da gwamnatin tarayya ta sanar a 2025, wanda aka ce wanki ya sauko daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta. Na Azare yana ciki, na koyarwa na Maiduguri ma haka. Daga Gumel Azare ta fi muku kusa. Ka kira ka ji ko akwai gurbi kafin ka ɗauko dattijo a mota.

Bawan_Allah_77:
Ni har yanzu ina ganin a bar kaza cikin gashinta. Mutum shekara 61, a yi ta yanka shi.

Ummu_Sadiya:
Malam Bawan Allah, da na bar tawa cikin gashinta da yanzu wani labarin ake. Mutumin da ke kwana a zaune ai ba a bar shi lafiya ba.

Auta_Gumel:
Maganar gaskiya Baban ma ra'ayinsa ɗaya da Bawan Allah. Da na yi masa bayanin injin ban ruwa ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce shekara talatin yana noman rani bai taɓa jin an gyara tiyo ta hanyar shaƙe shi ba. Ya ce shi ya saba da ƙarar hannunsa, da ita yake gane yana raye in ya farka cikin dare. Babban yayanmu yana son a yi, Hajiyarmu ta ce sai an yi istihara. An ba mu ranar Talata ta sama mu koma da amsa.

Likita, in aka sa zoben ranar Talata, wankin Alhamis da wane hannun za a yi?

Likitan_Dare:
Ya danganta da inda aka tsaga da yadda wurin ya kumbura. Sau da yawa ana iya sa allura can sama da ɗinkin, wani lokacin kuma sai an sa roba ta wucin gadi na mako ɗaya ko biyu. Ka sa likitan tiyatar da ɗakin wanki su daidaita wannan tun kafin ranar, kuma a yi masa wanki ranar Litinin ba fashi don ya shiga aikin ba ruwa a ƙirji.

Nas_Rabi:
Kuma ka zo da kuɗin robar a aljihu ko da ba za a buƙata ba.